Kabarin Dracula: Yadda mujallar santi 20 ta zama hajar masu tara tsofaffin bugu

A manyan kasuwannin baje kolin mujallun labarai cikin zane da ake ci a biranen Amurka, irin su San Diego da New York, akwai dillalan da ba sa sayar da sabon abu ko ɗaya. Dogayen kwalaye ne a jere kan tebur, cike da tsofaffin mujallu, kowacce cikin ledarta da kwali a bayanta. A bangon da ke bayan dillali kuma akan rataye 'yan ƙalilan da aka kulle cikin akwatin roba mai tauri, da lamba a kusurwar sama.

Cikin waɗanda ba a cika rasawa a wannan bango ba akwai fitowa ta 10 ta The Tomb of Dracula, wato Kabarin Dracula, wadda kamfanin Marvel ya buga da kwanan watan Yulin 1973. Santi 20 aka sayar da ita a lokacin. A shekarun 2021 da 2022, kwafin da ya tsira babu lanƙwasa babu tabo ya kai dubun-dubatar daloli a gwanjo, alhali fitowar da ta gabace ta da wadda ta biyo ta, masu zane ɗaya da marubuci ɗaya, ba su ko kusanci wannan kuɗi ba.

Wannan tazara ita ce ta raba masu tara mujallar gida biyu: masu neman labarin domin su karanta, da masu neman takardar domin ta yi musu kuɗi.

Dokar da ta haramta mashaya jini

Mujallar ba za ta samu ba da tun farko ba a sassauta wata doka ba. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafin da ya ɗora wa mujallun zane laifin lalata tarbiyyar yara, kuma a shekarar wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi zaman sauraron bahasi kan batun. Don gudun kada gwamnati ta sa musu hannu, kamfanonin suka kafa hukumar tacewa ta kansu, Comics Code Authority. Ƙa'idojinta sun hana nuna mashaya jini, da gawawwaki masu tafiya, da mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar a bango, yawancin masu rarrabawa ba sa karɓarta.

Wasu sun samu hanyar zagaye. Kamfanin Warren ya riƙa buga labaransa na ban tsoro a babbar mujalla marar launi, wadda dokar ba ta shafa ba, kuma ta haka ne mashayiyar jini mai suna Vampirella ta fito a 1969. Amma ƙananan mujallu masu launi da yara ke saye sun zauna kusan shekara goma sha bakwai babu mashayin jini a ciki.

A 1971 aka gyara ƙa'idojin, aka yarda a nuna irin waɗannan halittu matuƙar an bi salon tsofaffin littattafan adabi. Marvel bai ɓata lokaci ba. A shekarar ya shigar da wani mashayin jini mai suna Morbius cikin fitowa ta 101 ta Spider-Man, sannan ya waiwayi Dracula na littafin Bram Stoker na 1897, wanda babu mai haƙƙin mallakarsa a Amurka, don haka ba sai an biya kowa ba. Fitowa ta farko tana ɗauke da watan Afrilun 1972, Neal Adams ne ya zana bangonta.

Fitowa saba'in, mai zane ɗaya

Farkon tafiyar bai yi daɗi ba. Marubuta uku suka yi karɓa-karɓa a fitowa shida na farko: Gerry Conway, Archie Goodwin da Gardner Fox, kowanne biyu. Sai a fitowa ta 7 Marv Wolfman ya karɓa, bai kuma saki ba har fitowa ta 70, ta watan Agustan 1979.

Mai zanen bai taɓa sauyawa ba. Gene Colan shi ya zana dukan saba'in ɗin, abin da ba kasafai ake samu ba a mujallun Marvel na wancan zamani, inda ake yawan sauya masu zane a tsakiyar labari. Colan da kansa ya nemi aikin, ya kuma ɗauko kamannin fuskar Dracula daga ɗan wasan fim Jack Palance, tun kafin Palance ya fito a matsayin Dracula a wani fim ɗin talabijin. Zanensa na fensir cike yake da inuwa da hazo, mai wuyar bi da tawada, kuma Tom Palmer ne ya fi kowa iyawa da shi. Palmer ya yi tawadar wasu fitowa na farko, sannan ya riƙe aikin daga ta 12 har ƙarshe.

Labarin kansa na farauta ne. A gefe ɗaya akwai Dracula, mai girman kai da rashin imani, wanda Wolfman bai taɓa mayar da shi mutumin kirki ba ko da yake sunansa ne a bango. A ɗaya gefen akwai masu bin sawunsa: Quincy Harker, tsoho a keken guragu, Rachel van Helsing, Frank Drake, wanda jinin Dracula ne, da Taj Nital, mutumin Indiya da ba ya magana. Daga baya Dracula ya yi aure, ya haifi ɗa mai suna Janus, ya rasa ƙarfinsa ya sake samu. Saboda labarin a sarƙe yake daga fitowa zuwa fitowa, wanda ya tsallake uku ko huɗu zai rasa zaren. Wannan ne ya sa mai tarawa na gaske ba ya samun natsuwa sai ya haɗa jerin gaba ɗaya.

Haɗawar kuma ba ta tsaya a saba'in ba. Fitowa ta 18 ta ƙarasa labarinta a fitowa ta 15 ta Werewolf by Night, ta 44 kuma a fitowa ta 14 ta Doctor Strange. Lilith, 'yar Dracula, ta fara bayyana ne a Giant-Size Chillers ta 1974, wadda aka sauya wa suna zuwa Giant-Size Dracula daga fitowa ta 2 zuwa ta 5. Akwai kuma manyan mujallu marasa launi: Dracula Lives! mai fitowa 13 tsakanin 1973 da 1975, da wata Tomb of Dracula mai fitowa 6 da ta biyo bayan rufe ta farko. Mai tarawa sai ya yanke wa kansa inda iyakarsa take, in ba haka ba aljihunsa ne zai yanke masa.

Abin da fim ya jawo

Fitowa ta 10 ta yi tsada ne saboda mutum ɗaya. A cikinta Blade ya fara bayyana, baƙar fata haifaffen Landan, wanda wani mashayin jini mai suna Deacon Frost ya ciji mahaifiyarsa tana naƙuda. Blade na mujallar ya sha bamban da wanda masu kallon fim suka sani, a Amurka ko a gidajen kallo na Kano da Kaduna. Wuƙaƙen katako yake riƙewa, yana sanye da tabarau, kuma ba shi da wani ƙarfi na musamman illa dai cizon mashayin jini ba ya kama shi.

Shekara ashirin da biyar fitowar tana zaune a kwalaye da ɗan farashinta. A 1998 fim ɗin Blade ya fito da Wesley Snipes, ya tara sama da dala miliyan 100, aka bi shi da na biyu a 2002 da na uku a 2004. A 2019 Marvel ya sanar a San Diego cewa Mahershala Ali zai fito a sabon Blade, farashin ya ƙara tashi. Zaman gida na annobar korona ya zo ya ƙara wa wutar fetur, domin a 2020 da 2021 kuɗi masu yawa sun kwarara cikin kasuwar tsofaffin mujallu da katunan wasanni.

Daga 2022 kasuwar ta fara sanyi. Fim ɗin Mahershala Ali ya yi ta samun jinkiri da sauyin darakta, har a watan Oktoban 2024 aka cire shi daga jadawalin fitarwa. Waɗanda suka saya a ƙololuwar farashi da niyyar sayarwa ranar da fim zai fito, har yanzu suna riƙe da kayansu.

Ƙa'idar kasuwar ita ce bayyanar farko ta fi komai daraja. Shi ya sa ta 13, inda Deacon Frost ya fara fitowa, da ta 25, inda wani tauraron labarin mai suna Hannibal King ya fara bayyana, suke gaba da maƙwabtansu a farashi. Ko labarin da ke ciki ya fi kyau ko bai fi ba, wannan ba ya shiga lissafi.

Lamba ɗaya, bugu iri-iri

Sabon shiga yakan ɗauka cewa kowace fitowa iri ɗaya ce. Tsofaffin hannu kusurwar farashi suke fara dubawa. Farashin mujallar ya tashi daga santi 20 zuwa 25, zuwa 30, zuwa 35 cikin shekara bakwai, kuma kafin Marvel ya yi ƙarin 1976 da na 1977, ya gwada sabon farashin a 'yan birane kaɗan don ya ga ko jama'a za su saya. Sakamakon haka akwai fitowar da yawancin kwafinta ke ɗauke da santi 25 amma 'yan ƙalilan na da 30, da waɗanda yawancinsu 30 ne amma kaɗan na da 35. Waɗannan 'yan ƙalilan sun ninka sauran a kuɗi, ko da yake babu harafi ɗaya da ya bambanta a cikin labarin.

Akwai kwafin da aka buga a injin ɗaya a rana ɗaya, amma da farashin kuɗin Ingila a bango, domin kasuwar Birtaniya. An daɗe ana raina su a Amurka ana ɗaukar su kamar sake-bugu, sai daga baya aka gane cewa bugun farko ne kuma adadinsu bai kai na Amurka ba. Akwai kuma waɗanda aka cusa wa tallan wani kamfanin sayar da zobba da sarƙoƙi, Mark Jewelers, a tsakiya, aka rarraba su a kusa da barikokin sojan Amurka.

Wani abin da ke cizon mai saye shi ne kan sarki na talla da Marvel ya riƙa bugawa a shafin wasiƙu tsakanin 1974 da 1976, yana ƙarfafa yara su yanke su manna a wani ɗan littafi. Yara kuwa sun yanke. Mujalla za ta iya yin kyau sumul daga waje, a buɗe a tarar da rami mai kusurwa huɗu a shafi, wani lokaci har ya ci zanen da ke bayansa. Dillalin kirki yakan faɗa tun kafin a tambaya.

Sai bugun ƙasashen waje. A Birtaniya an fitar da Dracula Lives ta mako-mako marar launi daga 1974 zuwa 1976. An fassara labarin a Faransa, Italiya, Jamus, Sifaniya da Birazil, wasu a ƙananan littattafan aljihu inda aka yanyanka zanen don ya dace da shafi. A Japan ma kamfanin Toei ya mayar da shi fim ɗin zane na talabijin a 1980. Akwai masu tarawa da ba sa neman komai sai bangon fitowa guda a kowane harshe da aka buga ta.

Haɗarin da ya fi kama sabon shiga shi ne sake-bugu mai kama da na asali. An sake buga fitowa ta 25 a 1994, an kuma fitar da kwafin kwaikwayo na ta 10 a 2019, har da tsofaffin tallace-tallacen ciki. Marvel bai ɓoye komai ba, kwanan watan sake-bugun yana nan a rubuce, amma hoton da aka ɗauka da gangan daga nesa a shafin sayarwa na intanet yana iya ruɗar wanda bai sani ba.

Maki da akwatin roba

Mujallun shekarun 1970 ba don ajiya aka yi su ba. A takardar jarida mai arha aka buga su, aka jera a kantunan magani da na kayan masarufi, yara suka naɗe a aljihun baya. Waɗanda ba a sayar ba akan yage bangonsu a mayar wa mai rarrabawa. Kwafin ba su yi ƙaranci ba, domin an buga su da yawa. Masu lafiya ne suka yi ƙaranci.

Tun 1970 littafin farashi na Overstreet ke fitowa yana ba kasuwar ma'auni, amma tantance lafiyar mujalla ya kasance gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. A 2000 aka kafa kamfanin CGC, mai hedkwata a Sarasota ta jihar Florida, wanda ke karɓar mujalla ya duba ta, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya kulle ta cikin akwatin roba. Launin takardar da ke saman akwatin yana da ma'ana: shuɗi na wadda ba a taɓa ba, shunayya na wadda aka yi wa gyara da tawada ko gam, kore na mai wani aibi na musamman kamar yankakken kan sarki, rawaya kuma na wadda aka sa wa hannu a gaban wakilin kamfanin. Ana kuma rubuta launin shafukan, ko farare ne ko sun fara komawa ruwan ƙasa.

Masu goyon bayan tsarin suna cewa ya rage cuta, ya ba mutumin da ke nesa damar saye ba tare da ya taɓa kayan ba. Wannan gaskiya ne. Masu suka suna da hujja biyu. Ta farko, bambancin 9.6 da 9.8 ido ba ya ganinsa sai da ƙyar, amma yana iya ninka farashi, abin da ya haifar da sana'ar yi wa mujalla guga da zafi da danshi don a daidaita lanƙwasa kafin a kai ta tantancewa. Ta biyu ta fi sauƙin fahimta: mujallar da aka kulle ba ta karantuwa. Wanda ya biya kuɗin mota a kan fitowa ta 10 bango kawai yake gani, gaba da baya. In ya fasa akwatin, makin ya tafi.

Akwatin ma ba garkuwa ba ne daga komai. Haske yana kashe launin bango, zafi yana sa takardar ta bushe ta riƙa karyewa, danshi yana sa ƙarfen ɗinkin tsakiya tsatsa ya kawo fumfuna. Shawarar masana ita ce leda mai inganci, kwali marar sinadarin da ke cin takarda, a tsayar da mujallar a kwali a ɗaki mai sanyi da duhu. A ƙasa mai zafin bazara da laimar damina, ga kuma gara, tsohuwar takardar jarida ba ta da dogon kwana sai da kulawa ta musamman.

Kundayen masu karatu

Wanda labarin ya dama ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin wannan wahala, amma shi ma yana da zaɓin da zai yi. A tsakiyar shekarun 2000 Marvel ya tattara jerin a kundi huɗu na Essential, masu kauri, marasa launi, a takarda mai arha. Da yawa daga masoyan Colan suna ganin nan ne zanensa ya fi fitowa, domin babu launin da zai rufe inuwar fensirinsa da tawadar Palmer, kuma hujjarsu tana da ƙarfi ga labarin da rabinsa cikin dare yake faruwa. Aibinsu shi ne an yi wa wasu zane na manyan mujallun kwaskwarima, an rufe tsiraicin da ke cikin na asali. Wasu masu karatu sun yi maraba da hakan, masu son ganin aikin yadda aka yi shi kuma suka yi ƙorafi.

Daga 2008 aka fara fitar da Omnibus, manyan kundaye uku masu bangon kwali da launi, kowanne shafi ɗari bakwai ko fiye, a kan kusan dala 100. Na farko ya ɗauki fitowa ta 1 zuwa ta 31, na biyu ya kai ƙarshe, na uku ya tattara manyan mujallun. Launin da aka tsara don dusasshiyar takardar jarida yakan yi ƙyalli fiye da kima a farar takarda mai santsi, kuma nauyin kundin ba ya barin a karanta shi a kwance. Da suka ƙare a kasuwa, su ma sai suka koma kayan gwanjo, har an riƙa sayar da su ninkin farashinsu.

A 2017 aka soma jerin Complete Collection mai bango mai laushi, wanda ya jera ƙananan mujallun da manyan bisa tsarin fitowarsu, daga baya kuma aka shigar da jerin cikin Marvel Masterworks. Ana iya karanta shi a waya ko kwamfuta ta manhajar Marvel Unlimited da kuɗin wata-wata. Ga mai karatu a Najeriya ko Nijar, inda kuɗin aiko da kundi mai nauyin kilo biyu ko uku zai iya kamo kuɗin kundin kansa, wannan ce hanya mafi sauƙi.

Rabon waɗanda suka yi aikin

Duk kuɗin da ke juyawa a gwanjo, babu ko santi da ke komawa ga waɗanda suka ƙirƙiro labarin. An biya su ne shafi-shafi a matsayin 'yan kwangila, haƙƙin mallaka kuma na kamfani ne. Lokacin da ake shirin fim ɗin farko, Wolfman ya kai ƙara yana neman a tabbatar masa da mallakar Blade da wasu taurarin da ya ƙirƙira. Shari'ar ta haɗu da ta fatarar kuɗin da Marvel ya shiga a ƙarshen 1996, kuma a 2000 kotu ta ba kamfanin gaskiya.

Colan ya yi fama da rashin lafiya a ƙarshen rayuwarsa, har a 2008 abokan sana'a da masoya suka shirya gwanjon taimako don biyan kuɗin magani. Ya rasu a 2011 yana da shekara 84. Tom Palmer da Neal Adams duk sun rasu a 2022. Rasuwar tasu ta ƙara wa kwafin da suka sa wa hannu daraja, haka ma ainihin shafukan da suka zana da hannu, waɗanda kowanne guda ɗaya ne tak a duniya.

Ga mai son shiga harkar, lissafin a fili yake. In aka cire ta 1 da ta 10 da wasu 'yan ƙalilan, yawancin fitowa saba'in ɗin ana samun su a matsakaiciyar lafiya da kuɗin da ma'aikaci a Amurka zai iya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba, kuma kundin sake-bugu yana cike gurbin masu tsadar. Wanda ya sayi fitowa ta 10 kaɗai a akwati ya sayi caca ne a kan fim ɗin da har yau ba a sa masa ranar fitowa ba. Wanda ya haɗa jerin, ko na asali ko na kundi, shi ne ya mallaki aikin shekara bakwai na Wolfman da Colan da Palmer.